Ibrahim El-Salahi: Mai Zanen da Ke Barin Hoto Ya Tsiro da Kansa

Daga cikin tambayoyin da suka daɗe suna raba kan masu zane a duniya, babu wadda ta kai ta dangantakar hoto da haƙiƙa nauyi, wato ko aikin mai zane shi ne ya kwafo abin da ido ke gani kamar yadda yake, ko kuwa akwai wata gaskiya da ta zarce ganin ido wadda ita ce ya kamata hannu ya bi sawunta. Ibrahim El-Salahi, mai zane ɗan ƙasar Sudan wanda ake lissafawa cikin jagororin fasahar zamani a Afirka da ƙasashen Larabawa, ya shafe fiye da shekaru sittin yana amsa wannan tambaya da alƙalami da tawada da fenti, kuma amsar tasa ta cancanci nazari saboda ya san ɓangarorin biyu ciki da waje. Ya koyi kwaikwayon siffa a ɗaya daga cikin manyan makarantun zane na Ingila har ya ƙware, sannan ya ajiye wannan hanya da gangan, ya koma ga ra'ayin cewa hoto abu ne mai tsirowa daga wata ƙaramar ƙwaya, kuma aikin mai zane shi ne ya raine shi da haƙuri har ya bayyana abin da ke cikinsa.

Daga allo zuwa makarantar Slade

An haifi El-Salahi ranar 5 ga Satumba, 1930, a unguwar Abbasiyya da ke birnin Umdurman, a gidan ilimi, domin mahaifinsa malamin addini ne mai kula da makarantar allo, wadda mutanen Sudan ke kira khalwa. A nan ya fara riƙe alƙalami, ya koyi rubutu a kan allo da tawada, ya kuma saba da adon da ake yi wa allon ɗalibi idan ya kai wani mataki a karatunsa, wanda a Sudan ake kira sharafa, wato abin da ya yi daidai da zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani a ƙasar Hausa. Wannan ado, wanda ake ginawa da layuka da murabba'ai da 'yan launuka kaɗan a kewayen rubutu, shi ne darasinsa na farko a kan yadda ake raba fili da yadda harafi ke zama tare da siffa, ko da yake sai bayan shekaru masu yawa ya gane darajarsa a matsayin fasaha.

A shekarar 1949 ya shiga sashen koyar da zane na Kwalejin Gordon da ke Khartum, wadda daga baya ta zama Jami'ar Khartum, sannan a 1954 ya sami tallafin karatu zuwa makarantar Slade da ke Landan, inda ya zauna har 1957. A wancan lokacin makarantar tana ƙarƙashin jagorancin William Coldstream, mai zanen da ya shahara da auna abin da ke gabansa ta hanyar miƙa hannu da burushi, yana gwada tsawo da faɗi, yana sa 'yan alamomi a kan ƙyalle kafin ya shafa fenti. Tarbiyyar makarantar ta ginu ne a kan kallo na tsanaki, da sanin ƙirar jikin ɗan Adam, da ƙa'idar nisa da kusa, wato dabarar da ke sa abin da aka zana a shimfiɗaɗɗen wuri ya bayyana kamar yana da zurfi. El-Salahi ya laƙanci duk wannan, ya zana fuskokin mutane da shimfiɗar ƙasa yadda ake so, ya kuma yi nazarin tsofaffin masu zanen Italiya irin su Cimabue da Giotto, waɗanda suka rayu kafin ƙa'idar nisa da kusa ta kafu, kuma hotunansu suka fi karkata ga isar da ma'anar ibada fiye da ruɗar ido.

Baje kolin da jama'a ba su koma ba

Ya dawo gida a 1957, shekara guda bayan Sudan ta sami 'yancin kai, ya kama aikin koyarwa a kwalejin fasaha ta Khartum, ya kuma baje ayyukan da ya yi da salon Landan a otal ɗin Grand. Abin da ya faru, kamar yadda shi da kansa ya sha bayyanawa a hirarraki, shi ne mutane sun halarci bikin buɗewa saboda zumunci da girmamawa, amma ba su koma kallo ba, kuma hotunan ba su bar wani tasiri a zukatansu ba. Wani mai zanen zai iya ɗora laifin a kan jama'a ya ce ba su waye ba, amma El-Salahi ya ɗauki abin a matsayin hukunci a kan aikinsa, ya tambayi kansa dalilin da ya sa hoton da ya cika duk ƙa'idojin kamanni bai zama gaskiya a idon mutanen da aka yi shi dominsu ba.

Domin neman amsa, sai ya rage zane na wani lokaci, ya shiga yawo cikin ƙasa yana lura da abin da mutane ke ratayewa a bangon ɗakunansu da abin da suke ƙawata kayan amfaninsu da shi. Ya tarar da abu biyu da ke maimaituwa kusan a ko'ina: ƙayataccen rubutun Larabci na ayoyi da addu'o'i, da kuma adon gargajiya da ake yi a kan faifai da tabarmi da ƙwarya da fata. Daga nan ya fahimci cewa idon mutanensa ya riga ya sami tarbiyyarsa, kuma tarbiyya ce mai zurfi, sai dai a kan harafi da tsarin ado ta ginu. Darasin da ya ɗauka shi ne haƙiƙar hoto ba ta tsaya a kan kamanninsa da abin da aka zana ba, tana rataye ne a kan abin da mai kallo ya zo da shi a ƙwaƙwalwarsa.

Wannan bincike bai keɓanta da shi kaɗai ba. A Khartum, shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq su ne ginshiƙan tafiyar da aka sani da Makarantar Khartum, wadda ba gini ba ce, mazhaba ce ta masu zane da suka himmatu wajen samar wa sabuwar ƙasarsu harshen fasaha nata na kanta. A ƙasashen Larabawa kuma akwai tafiyar Hurufiyya, wato amfani da haruffan Larabci a matsayin kayan gina hoto na zamani, wadda masu zane irin su Madiha Umar da Shakir Hassan Al Said na Iraƙi suka yi fice a cikinta. A Nijeriya ma, a 1958 ɗaliban kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun kafa ƙungiyar masu zane da ta haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna kira da a haɗa dabarun da aka koyo daga Turai da gadon fasahar gida. Hanyoyin nan sun gamu a 1961, lokacin da El-Salahi ya zo Ibadan ya baje ayyukansa a kulob ɗin Mbari, cibiyar marubuta da masu fasaha da Ulli Beier ya taimaka wajen kafawa tare da su Wole Soyinka da Christopher Okigbo, kuma wannan ziyara ta nuna masa cewa damuwarsa damuwa ce ta nahiya baki ɗaya.

Fasa harafi

Matakin da ya sauya aikinsa shi ne abin da yake kira fasa harafi. Da farko ya riƙa saka kalmomi da jimloli cikakku a cikin hoto, waɗanda mai kallo zai iya karantawa, amma sai ya ga cewa muddin ana iya karanta rubutun, ido zai tsaya ne a kan ma'anar kalma ya manta da hoton. Saboda haka sai ya raba harafi da ma'anarsa, ya tsinka shi gaɓa-gaɓa, ya riƙa nazarin ƙashin bayansa: miƙewar alif, da lanƙwasar nun, da cikin sad, da wutsiyar ya, da kuma farin filin da ke tsakanin wannan harafi da wancan. A cikin waɗannan gaɓoɓi da filaye ne, a faɗarsa, siffofi suka fara fito masa ba tare da ya kira su ba, wato fuskoki dogaye masu zurfin idanu, da tsuntsaye, da dabbobi, da tsirrai, da jinjirin wata.

Muhimmancin wannan bayani shi ne ya juya tsarin da aka koya masa. A makarantar Landan, abin da za a zana yana gaban mai zane tun kafin a fara, kuma layi bawa ne mai bin siffa. A sabuwar hanyarsa kuwa layi ne ke gaba, siffa tana biye, har ma mai zanen bai san abin da zai fito ba sai ya fito. Wasu jerin ayyukansa na tsakiyar shekarun 1960 ya sa musu suna da ke nufin “Kullum Suna Bayyana”, yana nuni ga waɗannan fuskoki da ke zuwa da kansu. Ya kuma sauya launukansa, ya koma ga launukan ƙasar Sudan, wato jar ƙasa da ruwan ƙasa da rawaya mai duhu da baƙi da fari, domin hoton ya yi kama da yanayin da ya fito daga cikinsa tun kafin a tantance abin da ke ciki.

Babban misalin wannan zamani shi ne aikin da ya yi tsakanin 1961 da 1965, wanda sunansa ke nufin “Sautukan Mafarkin Ƙuruciya da Aka Sake Haifa”, wanda yanzu yake hannun gidan fasaha na Tate a Landan. Ya zana shi ne a kan dammuriya, wato farin ƙyallen auduga saƙar hannu na Sudan, kuma tsawonsa da faɗinsa kowanne ya haura mita biyu da rabi. Wanda ya tsaya nesa zai ga dogayen siffofi masu duhu a tsaye a kan fili mai launin madara, kamar taron mutane. Idan ya matso sai ya ga kan wannan ya narke ya zama kafaɗar wancan, wani zagaye da ya ɗauka ido ne ya koma jinjirin wata, siraran layuka kuma suna sauka kamar rubutun da aka ja har ya daina karantuwa. Babu gaba babu baya a hoton, babu kuma inda haske ke fitowa, domin an gina shi ne a kan tsarin tunawa da mafarki, inda abubuwa ke shiga cikin juna ba tare da iyaka ba.

Zahiri da baɗini

Ra'ayin El-Salahi game da haƙiƙa ba ya rabuwa da tarbiyyarsa ta addini da kusancinsa da tunanin Sufaye, waɗanda ke bambance zahiri, wato fuskar abu da gaɓoɓi ke riska, da baɗini, wato ma'anar da ke ɓoye a bayan wannan fuska. Ya bayyana cewa yakan yi alwala ya yi salla kafin ya fara aiki, kuma yana ɗaukar kansa a matsayin mashigi da abin ke bi ya fito, ba mai ƙirƙira daga babu ba. Wannan matsayi yana da nauyi a al'ummar da malamanta suka daɗe suna tattauna hukuncin zana abu mai rai, domin ko da yake fuskoki da jikkuna sun cika ayyukansa, ba kasafai suke zama kwafin wani mutum sananne ba, sun fi zama alamu na hali, kamar baƙin ciki da tsoro da natsuwa da jira.

Ayyuka biyu sun nuna yadda wannan ra'ayi ke aiki idan ya fuskanci abin da ya faru da gaske. A 1963 ya zana “Jana'iza da Jinjirin Wata”, wanda ya danganta da kisan Patrice Lumumba, firaministan farko na Kwango, da aka yi a watan Janairun 1961. Hoton bai nuna fuskar Lumumba yadda jaridu suka san ta ba, bai kuma nuna wurin kisan ba. Ramammun mutane ne ɗauke da gawa a saman kawunansu ƙarƙashin jinjirin wata, ta yadda makokin ya zama na duk al'ummar da aka kashe wa jagora. A 1964 kuma, bayan rasuwar mahaifinsa, ya zana “Sauti na Ƙarshe”, wanda ke nuni ga addu'o'in da ake yi a kan mai barin duniya. A nan ma babu gado babu majinyaci, sai wata siffa a tsakiya da alamomi ke watsuwa daga gare ta zuwa ko'ina, tare da tsuntsaye da jinjirin wata da gutsattsarin rubutu. Ya zaɓi ya zana abin da kunne ke ji da abin da zuciya ta yi imani da shi, waɗanda a wurinsa ba su gaza abin da ido ke gani zama haƙiƙa ba.

Ya kuma sha bayyana cewa kowane aiki yana magana ne da masu sauraro uku: na farko shi kansa mai zanen, wanda dole aikin ya gamsar da shi, na biyu al'ummarsa, wadda ya ari harshenta da alamominta, na uku kuma ɗan Adam ko'ina yake. A ganinsa aikin da ya tsaya a kan na farko kaɗai son kai ne, wanda ya tsallake na biyu kuma ba shi da saiwa. Daga wannan ne ya samo ɗabi'arsa ta ƙin sa wa ayyuka da yawa suna, domin yana ganin suna yakan ɗaure mai kallo a kan fassara guda, alhali ma'anar hoto ba ta kammala sai mai kallo ya kawo nasa kason.

Kurkukun Kober da ƙwayar hoto

Shekarun 1960 sun kai shi wurare da dama: ya je Amurka a 1962 da tallafin hukumar UNESCO, ya jagoranci tawagar Sudan zuwa bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966, sannan ya yi aiki a ofishin jakadancin Sudan a Landan daga 1969 zuwa 1972. Bayan ya dawo gida ya riƙe manyan muƙamai a harkar al'adu a gwamnatin Ja'afar Numairi, har zuwa watan Satumban 1975, lokacin da aka yi yunƙurin juyin mulki da bai yi nasara ba. An kama shi bisa zargin hannu a ciki, aka tsare shi a kurkukun Kober na tsawon wata shida da kwana takwas ba tare da an gurfanar da shi gaban kotu ba, kafin a sake shi a watan Maris na 1976.

A Kober an haramta wa fursuna riƙe takarda ko abin rubutu, kuma wanda aka kama da su horonsa kaɗaici ne. El-Salahi ya sami guntun fensir, ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, yana zane a kai a ɓoye, yana binne su cikin yashi idan masu gadi sun matso. Tun da babu halin shimfiɗa babbar takarda, sai ya riƙa zana ɗan ƙaramin abu a guntu ɗaya, ya ci gaba da shi a wani guntun, yana riƙe da cikakken hoton a zuciyarsa kawai. Daga wannan ƙunci ne hanyar aikin da ya bi har tsufansa ta fito, wadda yake bayyanawa da tsirowar hoto: ana farawa da ƙwaya, wato wata ƙaramar siffa a tsakiyar takarda, a bar ta ta yi rassa, idan ta kai bakin takardar a kawo wata a jona, kamar yadda masaƙi ke fitar da sirara-siraran saƙa a ɗinke su gefe da gefe har su zama gwado. Sharaɗin da ya gindaya wa kansa shi ne kowace takarda ta iya tsayawa ita kaɗai a matsayin hoto, ta kuma zama gaɓa a cikin babban hoton.

Bayan sakinsa, yana cikin ɗaurin talala a gida, ya cika wani ƙaramin littafi da zane-zane da rubuce-rubuce na alƙalami da tawada domin ya fitar da ɗacin abin da ya gani. Wannan “Littafin Kurkuku” yanzu yana gidan fasahar zamani na MoMA a New York, an kuma buga shi a 2018 tare da haɗin gwiwar gidauniyar fasaha ta Sharjah. A cikinsa akwai ƙofofi da sanduna da igiya da fuskoki a bayan ƙarfe, akwai kuma tsuntsu da tsiron albasa, wanda ke tuna albasar da ya shuka a farfajiyar kurkukun domin idanun fursunoni su sami wani abu kore da za su kalla.

Baƙi da fari

A 1977 ya bar Sudan zuwa Katar, inda ya yi aiki shekaru da dama a ma'aikatar yaɗa labarai, kuma a wannan zamani ya kusan daina amfani da launi gaba ɗaya, ya tsaya a kan baƙar tawada da farar takarda. Hujjarsa ita ce tsakanin baƙi da fari akwai matakai marasa iyaka, waɗanda ake samarwa da kaurin layi da sirantarsa da cunkosonsa da tazararsa, kuma ido mai natsuwa zai ga launi a cikinsu. Wannan komawa ce ga kayan aikin makarantar allo, amma da ƙwarewar wanda ya zaga duniya.

Ƙololuwar wannan zamani shi ne “Abin da Ba Makawa”, wanda ya zana tsakanin 1984 da 1985 a kan alluna tara da aka jera uku-uku, tsawonsa ya haura mita biyar, kuma yana gidan fasaha na Herbert F. Johnson a Jami'ar Cornell ta Amurka. Hoton cike yake da damatsa da dunƙulallun hannaye da aka ɗaga sama, da jikkuna masu kama da injuna, da taron jama'a da ke yunƙurowa a kan zalunci. An kammala shi a shekarar da boren jama'a ya kawo ƙarshen mulkin Numairi, a watan Afrilun 1985, amma babu fuskar wani shugaba ko tutar wata ƙasa da ta ɗaure shi a kan wannan waƙi'a, saboda abin da yake faɗa hukunci ne a kan kowane mulkin danniya. A nan hanyar aiki da ma'ana sun zama abu guda, domin hoton da aka gina daga gaɓoɓi masu cin gashin kansu yana magana ne a kan ɗaiɗaikun mutane da suka haɗu suka zama ƙarfi.

Gawo, tsufa da ciwo

Bayan ya koma birnin Oxford na Ingila da zama a 1998, launi ya dawo cikin aikinsa ta hanyar jerin zane-zanen da ya yi a kan bishiyar haraz, wadda ke tsirowa a gaɓar kogin Nilu, wato gawon da manoman ƙasar Hausa suka sani yana kaɗe ganyensa da damina ya yi kore shar da rani. El-Salahi ya ɗauki wannan saɓawa a matsayin alamar mai tsayawa a kan halinsa ko da kowa ya bi wata hanya, ya kuma ga bishiya a matsayin mahaɗi tsakanin ƙasa da sama. A yawancin waɗannan ayyuka babu ganye babu reshe irin na zahiri, sai layi guda a tsaye da wasu layuka a kwance da aka ja da ma'auni cikin tawada mai launi, a jere kamar matakala. Mutumin da ya fara da kwafo bishiya yadda take ya ƙare yana zana tsarin tsayuwarta kawai.

Da shekaru suka ja, ciwon baya mai tsanani da cutar makyarkyata suka hana shi tsayawa gaban manyan alluna, sai ya koma zane a zaune, a bayan kwalayen magungunan da yake sha da ambulan na wasiƙu, tun daga wajejen 2016. Ya kira su zane-zanen rage raɗaɗi, saboda ya ce idan hankalinsa ya nutse cikin layi yakan manta da ciwon, kuma an nuna irin waɗannan ƙananan ayyuka a babban baje kolin Venice na 2022. Lanƙwasar kwalin da ramukansa su ne ke zama ƙwayar da hoton ke tsirowa daga gare ta, wanda ke tabbatar da cewa hanyar da ya samo a Kober ba ta dogara da girman fili ko tsadar kayan aiki ba.

Inda ayyukan suke da waɗanda aka yi su dominsu

Duniya ta karrama El-Salahi, ko da yake a makare. Ya sami lambar yabo ta Yarima Claus ta ƙasar Holan a 2001, kuma a 2013 gidan Tate Modern ya shirya baje kolin ayyukansa na tsawon rayuwa ƙarƙashin kulawar masanin tarihin fasaha Salah Hassan, wanda shi ne irinsa na farko da gidan ya yi wa mai zane ɗan Afirka. A 2017, lokacin da gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga ƙasar, ciki har da Sudan, gidan MoMA ya rataye zanensa na 1964 mai suna “Masallaci” a cikin ɗakunan da aka saba keɓe wa manyan masu zanen Turai, domin nuna rashin amincewa da matakin.

Sai dai akwai abin damuwa a cikin wannan nasara. Mai zanen da ya rushe salonsa ya sake gini domin mutanen Umdurman da Khartum su ga kansu a cikin hoto, manyan ayyukansa yau suna Landan da New York da Sharjah da Bayreuth ta Jamus, yayin da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, ya kuma kai ga wawushe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum. Idan aka bi ma'aunin da shi kansa ya kafa, na cewa hoto yana magana da mai shi da al'ummarsa da duniya, to mai sauraro na biyu ne aka fi tauye wa haƙƙi. Gyaran wannan yana wuyan gidajen fasahar da ke riƙe da ayyukan, ta hanyar ba da aronsu da buga su cikin littattafai masu sauƙin kuɗi da harsunan da mutanen yankin ke karantawa, yana kuma wuyan makarantun zane na Afirka, waɗanda ya kamata su koyar da allo da zayyana da adon faifai a matsayin tushen ilimin fasaha, kafaɗa da kafaɗa da ƙirar jiki da ƙa'idar nisa da kusa, kamar yadda aikin El-Salahi ya tabbatar cewa za a iya.